Ganyen Jinka a Sandar Kawu Luom

Kasuwar ruwa ta Kai Rang
Watan takwas, kogi ya fara cika

Zuwa ga 'yar ƙanwata Diem,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yarki Sua, wadda har yau ban sani ba sai a hoto. Ki gaishe mini da surukarki. An ce sanyin Koriya har ƙashi yake shiga, ki riƙa rufe ƙirji.

Ni jiki da sauƙi. Tarin ba ya tasowa sai da asuba, in hazo ya kwanta a kan ruwa. Gwiwar hagu ce dai ta daina jin maganata. Kada ki sake aiko mini da waya. Biyu kogi ya ci, kuma ko da sun zauna kunnena ba ya kama abin da ake faɗa a ciki. Malaman da suka koya mini rubutu sun sha wahala da ni, bari in mori wahalarsu. Ki ci gaba da aiko takarda ta hannun Ut Men mai kwalekwalen kofi, ita ce ke hawa tudu.

Kin tambayi kasuwa. Tun da aka gina katangar siminti a bakin kogi 'yan dako suka rasa wurin sauke kaya, manyan masu sari suka koma tudu da motocinsu. Inda kike tsallakawa daga jirgi zuwa jirgi ba tare da ƙafarki ta taɓa ruwa ba, yanzu fili ne, kainuwa ce ke wucewa. Abin da ya ƙaru shi ne baƙi 'yan yawon buɗe ido. Kafin rana ta fito sun iso cikin jirage masu rumfa, kowa da rigar ruwa mai launin lemo, a jere kamar 'ya'yan agwagwa. Ba sa sayen buhu, hoto suke ɗauka. Wata ta sa aka tambaye ni wai da gaske a cikin jirgin nake kwana. Na ce a'a, in duhu ya yi tashi nake in sauka kan bishiya. Mai fassara bai fassara ba.

Rabona da ɗaga buhun dankali tun rasuwar matata, Innarki Lua. Sandar gorar da babanmu ya kafa a goshin jirgi, wadda muke rataya samfurin kaya don mai saye ya hango daga nesa, ta daɗe tsirara. Kin san nauyin wannan ga mutumin da duk kasuwa ta shaida bai taɓa rataya abin da ba shi da shi a cikin jirgi ba. Amma kwanan nan na samu ɗan aikin da ba ya buƙatar ƙarfi. Ba sai na gajiyar da ke da bayaninsa ba.

Ki koya wa Sua kacici-kacicin kasuwarmu. Mene ne ake ratayawa ba a sayarwa? Wanki. Mene ne ake sayarwa ba a ratayawa? Kofi da miyar taliya. Na ukun ki bar shi tukuna, ba na yara ba ne.

Na ga inda kika rubuta cewa lokaci ya yi da zan hau tudu in huta. Na karanta wurin, na sake karantawa. Na ji.

Kawunki,
Tam Luom


Gimhae, Koriya
Watan tara

Kawu,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan sauƙin tari da gwiwa. Mu duk lafiya, Sua ta shiga makaranta. Ka yi haƙuri da gajartar gaisuwa.

Ƙanwar maigidana ta je yawon buɗe ido ƙasarmu da ƙawayenta. Jiya ta zo cin abinci, tana nuna mana hotuna a waya. Sai ta tsaya a kan wani, ta ce, "Wannan ya fi burge ni. Mai yi mana jagora ya ce in kin ga kabewa a kan sanda, kabewa ake sayarwa, in kin ga abarba, abarba. Amma in kin ga ganyen da suke jinkar ɗaki da shi, to jirgin ne kansa na sayarwa, tunda jirgi shi ne gidansu. Dubi tsohon nan, abin tausayi."

Kawu, na san idanun da ke goshin jirgin nan. Na dama ya fi na hagu girma, domin ni na shafa masa fenti ina ƙarama, ka yi ta faɗa, Inna Lua ta hana ka gyarawa. Kai ne zaune a ƙarƙashin ganyen da tsohuwar hularka. Na tashi na shiga madafa na buɗe famfo don kada su ji kukana.

Wannan ne aikin da ba ya buƙatar ƙarfi? Wannan ne na ukun da ba na yara ba? A cikin jirgin nan aka haife ni. A cikinsa uwata ta cika, kai da Inna kuka riƙe ni. Hotunan uwata da Inna na nan kan 'yar kantar turare. Ina za ka kai su? Kai kuma ina za ka kwana? Ka cika mini takarda da labarin kainuwa da agwagwa, wannan kuwa ka rufe. Ko don na auri baƙo shi ke nan na zama baƙuwa, sai dai in ji labarin gidanmu a bakin 'yar yawon buɗe ido?

Ka amsa mini da wuri.

'Yarka,
Diem


Kai Rang
Watan goma

Zuwa ga Diem,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidanki. Na yi murna da Sua ta shiga makaranta. Tarin ya ɗan ƙaru, ba abin damuwa ba ne, iskar ƙarshen damina ce.

Faɗanki ya iso, na kuma karɓa. Ki zauna ki karanta wannan a hankali, domin maganar ta wuce inda kika gan ta a hoto.

Ranar da aka ɗauki hoton nan jirgin ba na sayarwa ba ne. Akwai wani matashi, Khoa, mai yi wa baƙi jagora. Shi ya zo ya same ni ya ce, "Kaka, kullum ina ba baƙi labarin ganyen jinka, su ce ina yake, in rasa abin nunawa. Sandarka ba ta aikin komai. Ka rataya mana da safe, in mun wuce ka sauke. Shinkafarka da maganin tarinka a wuyana."

Na ce, "Yaro, sandar nan ba ta taɓa ƙarya ba."

Ya ce, "Wa ya ce ƙarya? Al'ada muke nunawa."

Na yarda. Da farko ina saukewa da zarar sun wuce. Daga baya gwiwa ta hana ni hawa da sauka, na bar shi a sama. Ut Men ta gargaɗe ni. Tana miƙo mini kofi ta ce, "Yaya Tam, wanda ya baza tsaba kada ya yi fushi da kaji." Na ce ta kula da tukunyarta.

Kajin kuwa sun zo. Kin tuna Hai Dang, ɗan mai gyaran injin nan, wanda yanzu yake da gidan abinci a gindin gada? Wata safiya ya zo ya ɗaura igiyarsa a jikin jirgina, yadda mai saye yake yi. Masu kabewa na gefe, jirgin Khoa cike da baƙi yana ɗaya gefen. Ya ɗaga murya ya ce, "Baba Tam, tun daga gada nake hango ganyen nan. Da gaske ne, ko tsufa ne ya sa ka manta abin da ka rataya?"

Kowa ya juyo yana kallona. Diem, rabon da wani ya ɗaura igiya a jirgina ya tambayi abin da ke kan sandata tun Innarki na da rai. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ka taɓa jin sandar Tam Luom ta yi wasa?"

Ya hau, ya ƙwanƙwasa katako daga goshi har gindi, muka sha shayi a gaban mutane, muka daidaita. Ya miƙo kafin alƙalami, na ce ya mayar aljihu, maganata ta isa. Sharaɗina ɗaya, a bari sai bayan ranar tunawa da Innarki, tsakiyar watan sha ɗaya, in dafa mata abinci a gidanta karo na ƙarshe. Da ya tafi na zauna ina neman abin da zan kama, sai na tuna kin rubuta cewa lokaci ya yi da zan hau tudu. Na ce to, ita ma yarinyar ba ta da buƙatarsa.

Ban tambaye shi abin da zai yi da jirgin ba. Ut Men ce ta kawo mini labari. Za a ja shi kan tudu, a yanke gefensa a kafa matakala, a jera tebura, baƙi su riƙa cin kifi a ciki.

Akwai ɗaki a haikalin da ke bayan kasuwar tudu inda ake ajiye tsofaffi irina. Hotunan uwarki da Innarki za su bi ni. Kada ki ce in janye. Magana zarar bunu ce. Ba ni da gona, ba ni da ɗa, ƙarfina ya tafi. Abu ɗaya ya rage mini a kogin nan, wato in an ce Tam Luom ya faɗa, ba a sake tambaya.

Kawunki,
Tam Luom


Gimhae
Ƙarshen watan goma

Kawu,

Gaisuwa da fatan lafiya. Tarin da ka ce ba abin damuwa ba ne, shi ne damuwata tun farko. Da na ce ka hau tudu ka huta, nufina ka je likita ya duba ƙirjinka, ka kwana a busasshen wuri har damina ta wuce, ka koma. Ban ce ka rabu da jirgi ba. Me ya hana ka tambaye ni? Layi ɗaya ya isa.

Ga abin da na ɓoye maka don in ba ka mamaki. Bayan bikin sabuwar shekara muna zuwa, ni da maigidana da Sua. Shekara da shekaru nake lallaɓa wannan tafiya. Yarinyar nan ba ta jin harshenmu sosai. A makaranta wasu yara suna tsokanarta da ƙasar uwarta, ta dawo ta ce mini ita ba 'yar can ba ce. Abin da kawai yake sa ta zauna ta saurare ni shi ne labarin gidan da ke yawo a kan ruwa, mai ido ɗaya babba ɗaya ƙarami. Na yi mata alkawari za ta kwana a ciki. Babanta ya ce zai sa a toshe duk inda ke yoyo. Yanzu so kake in kai ta gindin gada, in saya mata kifi, in ce nan aka haifi uwarki, ga teburin?

Ka ce sandarka ba ta ƙarya. Kawu, ka gafarce ni, ta riga ta yi, tun safiyar da ka rataya wa Khoa ganye. Sayar da jirgin ba zai wanke wannan ba. Ni da Sua ne kawai za mu biya.

Ka je ka gaya wa Hai Dang gaskiya. Na san abin da nake roƙo. Na san za su yi dariya. Amma masu dariyar nan, wa zai zo ya duba ka a haikali?

Ina roƙon Mai Sama takardar nan ta riga ranar isowa.

Diem


Gimhae
Watan sha biyu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ranar tunawa da Inna ta wuce da daɗewa, ban ji daga gare ka ba. Na kunna mata turare a nan, a kan taga. Ban sani ba ko takardata ta iso, ko ta iso ka yi fushi, ko an riga an ja jirgin. Lambar Ut Men da nake da ita ba ta shiga. Kullum ina duba hotunan da baƙi ke sakawa na kasuwar, ina ƙara musu girma ina neman sandarka. Ban gan ta a ko ɗaya ba.

In ka sayar, ka sayar. Na yi maka maganar da bai kamata 'ya ta yi wa uba ba. Ka dai rubuto ka ce kana raye.

Diem


Kai Rang
Saura kaɗan sabuwar shekara

Zuwa ga 'yata Diem,

Ina gaishe ki da kyau, da maigidanki, da Sua. Ina raye. Rubutun zai yi miki karkace, hannun bai gama dawowa ba. Na yi jinya a asibitin tudu, sai makon nan aka sallame ni na tarar da takardarki ta watan sha biyu. Kin ga na hau tudun da kika ce, amma ɗaukata aka yi.

Ta ƙarshen watan goma ta iso kafin ranar tunawa. Na karanta, na ninke, na danne ta da kaskon turare, na yi niyyar ba zan amsa ba. Ranar tunawa na dafa wa Innarki kifi a tukunyar ƙasa yadda take so. Ba wanda ya zo ci sai Ut Men. Ta dubi kaskon ta ce, "Me Diem ta ce?"

Na ce, "Ta ce ni maƙaryaci ne."

Ta tsame ƙaya daga bakinta ta ce, "To ƙarya ta yi?"

Na ɗaure kayana a buhu biyu, na naɗe hotunan a tawul. Har wayewar gari niyyata in miƙa jirgin.

Da safe ana yayyafi Hai Dang ya iso da kafinta da jirgin da zai ja nawa. Masu kabewa da masu kankana suka matso don sallama. Jirgin Khoa ma ya tsaya da baƙinsa. Kafintan ya sauka goshi da alli yana awo. Ina tsaye da buhuna a hannu na ji ya ce, "Maigida, wannan idon wani makaho ne ya zana shi. Za mu kankare mu sake." Ya ja alli ya ratsa babban idon.

Na ce, "Dakata."

Ƙarar inji ta hana su ji. Na sake faɗa. Hai Dang ya sa aka kashe inji ya ce, "Baba Tam, an manta wani abu ne?"

Na ce, "Jirgin ba na sayarwa ba ne. Bai taɓa zama na sayarwa ba. Ganyen don baƙi na rataya shi, ana ba ni shinkafa."

Hai Dang ya juyo gare ni. Ya ce, "Ban ji ba. Kunnena ya zama irin naka. Faɗi yadda masu kankana za su ji."

Na faɗa yadda za su ji.

Kada ki zage shi a ranki, Diem, yana da gaskiya. Ya ce, "Na rushe katangar gidan abincina don jirgin nan ya samu hanya. Na gaya wa duk gari. Matata ta ce in sa ka rubuta takarda, na ce mata wa ke neman takarda a wurin Tam Luom? A gaban mutanen nan na tambaye ka ko da gaske ne. Me ka ce mini?"

Na ce, "Na ce sandata ba ta wasa."

Wani daga cikin masu kabewa ya ce, "Ashe har rawa take yi." Aka yi dariya. Na ajiye buhuna, na harɗe hannuwa a ƙirji, na sunkuya wa Hai Dang kamar yadda yaro ke yi wa babba, shi da na taɓa ɗauka a kafaɗa. Baƙin nan sun ɗauka wasan al'ada ne aka shirya musu. Suka yi ta ɗaukar hoto, wasu har da tafi. Khoa ya sa direbansa ya ja jirgi, ko dubana bai yi ba.

Hai Dang ya ce, "Tashi, Baba, kada ka ɗora mini alhaki. Amma na zo saye, ba zan koma hannu banza ba. Tunda abin da ke kan sanda ba na samu ba ne, a ba ni sandar. Irin wannan ba ta da wurin tsayawa a kasuwa."

Ba wanda ya ce bai kyauta ba, ni ma ban ce ba. Kafinta ya taso da zarto, na hana shi. Da hannuna na kwance igiyar da babanmu ya ɗaure ta da ita. Ta ƙi kwantuwa, ruwa yana dukana har na gama. Daga nan zazzaɓi ya kama ni. Ut Men ce ta kai ni asibiti, ita ta riƙa kwarfe ruwan jirgin duk kwanakin nan, wayarta ma a wajen kwarfar ta bi sawun nawa biyun. Sai kin zo mata da tsaraba mai kyau.

An ce sandar tana tsaye a ƙofar gidan abincinsa da ganyenta, yana ba masu cin kifi labarin tsohon da ya rataya ta. A kasuwa sunana ya koma Tam Ganye. Jiya wata yarinya mai sayar da burodi ta kira ni da shi, ba da mugunta ba, ta ɗauka sunana ke nan. Na amsa.

Ban ce kin yi daidai ba. Akwai safiyar da nake tashi in dubi goshin jirgi, in ga ramin da sandar ta bari, in ji da na cika maganata na tafi haikali da mutuncina. Amma na goge allin da ke kan idon, fentinki bai tashi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na matsa wa hannuna ya yi rubutu. In kun zo, kada ki nemi sanda, babu ita, shi ya sa ba ki gan ni a hotuna ba. Na koma kusa da inda masu abarba suke tsayawa da. Da nake kwance buhunan nan na tarar da 'yar rigarki mai ruwan ɗorawa a cikin kayan Innarki, wadda fenti ya ɓata wa hannu. Na wanke ta, na shanya a igiyar rufin jirgi, inda za a hango daga nesa. Ut Men ta ce ta bushe tuntuni, in sauke kafin rana ta cinye ta. Na ce sai mai ita ta zo.

Ki sa Sua a gaban kwalekwale, ki bar ta ta nemo da kanta. In ta hango, ki tambaye ta na farkon nan, mene ne ake ratayawa ba a sayarwa.

Ku taho da maganin sauro. Kada kuma ku yi nawa, tarin bai tafi ba.

Kawunki,
Tam Luom